Kumatun da Na Kwaso a Indiya

Tun da muka dawo ban huta ba. A masallaci, a majalisarmu ta bakin kasuwar Ƙanƙara, har a makarantar da nake koyarwa, tambayar guda ce: wai tsakanina da Lawal wa aka kai asibiti? Shi da aka yi wa magani ya dawo kamar ka hure shi ya faɗi, ni da na je jinya na dawo da kumatu har maɓallin wuyan rigata ya daina shiga. Wasu sun ce abincin mara lafiya na riƙa cinyewa. Abin haushin shi ne gaskiya suka faɗa, sai dai ba su san ko rabin zancen ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Lawal ɗan Goggo ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ana yaye shi kakarmu ta ɗauko shi, ya tashi a gidanmu na Ƙanƙara, tabarmarmu ɗaya. Ko mahaifiyar tasa Goggo yake ce mata, yadda ya ji muna faɗa. Da ya girma ya koma Faskari yana sayar da taki da irin masara. Ƙato ne na gaske. Ni ina ce masa Buhu, shi yana ce mini Tsinke, kuma har muka yi furfura ba mu gama gardamar waye bawan wani ba.

Ciwon da kaluluwa ya fara, a wuya, sannan a hammata. Aka ce daji ne. Sau biyu ana yi masa ruwan maganin nan mai zubar da gashi, sau biyu ciwon yana lafawa ya dawo. Buhu ya zube har na rasa abin tsokana, kuma ban san ina son mutumin nan haka ba sai da na ga wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Daga ƙarshe likitansa na Zariya ya ce saura hanya ɗaya, a Indiya. Za a ɗebi wasu ƙwayoyin jininsa waɗanda aikinsu faɗa da cuta, a kai su ɗakin bincike a koya musu gane dajin, a hayayyafa su, a mayar masa da su jiki. Ya ce mu sani sau ɗaya ne, don jikin Lawal ba zai ɗauki na biyu ba. Gonar gadon da aka sayar ma guda ɗaya ce.

Matarsa tana jego, don haka aka ce ni zan bi shi saboda ina jin Turanci. Ana cikin shiri sai ga saƙo daga Sabuwa, inda Goggo take zaune, cewa ita ma za ta.

Kowa ya yi mamaki. Goggo ba ta taɓa faɗin sunan Lawal ba, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, in ya gaishe ta bango take amsa wa. In dole ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”, ko ta ce mini “abokin wasanka”. Da aka tambaye ta me za ta je yi, cewa ta yi ba don kowa za ta ba, ni ne ba ta yarda da ni ba, don ko ruwan zafi ban iya dafawa. Sana'arta turkar raguna, kuma a Sabuwa an san ragon Goggo tun daga nesa. Lafiya a wajenta nama ce. In ka je gaishe ta sai ta mintsini damtsenka kafin ta amsa, ta ji ko matarka na kula da kai.

Da damina muka tashi. Na bar Ƙanƙara sai da rana ta fito sosai, don hanyar nan yanzu ba mai yi mata sammako. Na ɗauki Lawal a Faskari, inda rabin unguwa suka rako shi tasha, kowa da maganin da ya ce mu tafi da shi ko da na can bai yi ba. A Funtuwa muka tarar da Goggo zaune kan buhu, zanenta duk taɓo, don babur ne ya fito da ita har Dandume kuma sau biyu suna sauka su tura. Ta kalle ni ta ce na rame. Lawal ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa tayar motar.

Kafin a bar mu mu hau jirgi sai da aka yi mana rigakafi, har da ɗigon shan inna da ake yi wa jarirai. Goggo ta ce ita da jikoki ba mai ɗiga mata abu a baki. Ma'aikaciyar ta ce to ba tafiya. Ta buɗe bakin, idonta a kaina, ni kuwa na dage da karatun wata takarda da ke manne a bango. A jirgi ba ta ba mu wahala ba, tunda ta taɓa zuwa Makka kuma ta ɗauki kanta tsohuwar matafiya. Ita ce ma ta riƙa nuna mini yadda ake ɗaura bel, bayan na riga na ɗaura.

A filin jirgin Delhi muka fara cin karo da al'ada. Jami'in da ke duba fasfo ya ga takardar asibiti, ya tambayi wace ce wannan, na ce mahaifiyar mara lafiyar. Sai ya ce in gaya mata ta faɗi sunan ɗan nata. Na fassara. Goggo ta ɗaga kai tana nazarin fitilun rufi. Ya sake tambaya, ta gyara mayafi. Fuskar mutumin ta fara canzawa, don a ganinsa ga tsohuwa an ɗauko haya, ko sunan ɗan ba a koya mata ba.

“Mannir,” in ji Goggo, “ka ce mashi sunan na nan rubuce gabanshi. In karatun ne bai iya ba, ya ba wani.”

Ban fassara wannan ba. Na yi ta bayani cewa a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa har ta mutu. Ya kira abokin aikinsa, na sake bayanin. Suka kalle ta, suka kalli Lawal, kamannin suka cece mu, don hancin Goggo ne a fuskarsa ba ragi. A wajen binciken kaya kuma aka buɗe ƙullin daddawa, jami'in ya shinshina, ya ja da baya, ya yi mana alama da hannu mu kwashe mu wuce. An zazzage kuka, an zazzage kuɓewa da gero da tsamiya. Haɓar zanen Goggo ce kawai ba wanda ya taɓa.

Masaukinmu wani gida ne kusa da asibitin, ɗakuna a jere, kowane ɗaki da mara lafiya da 'yan jinyarsa daga wata ƙasa, murhu ɗaya ake rabawa. Mai gidan wata dattijuwa ce mai yawan fara'a da yawan doka. Dokarta ta farko, ba a sa nama ko ƙwai a tukwanenta. Da na gaya wa Goggo sai ta gyaɗa kai ta ce yanzu ta gane dalilin da duk mutanen ƙasar suke a tsotse. Ta sa na nemo mata tukunyarta daban. Indiyancin da nake taƙama da shi a majalisa bai tsinana mini komai ba a kasuwa, don a fim na koya, kuma duk na soyayya ne da ɗaukar fansa. Na iya ce wa mutum zan rama jinin ubana, amma ban san sunan albasa ba.

Abin da ya fi tsaya wa Goggo a rai shanu ne. Ga su nan a tsakiyar titi, keke napep na kauce musu, ba makiyayi, ba igiya, ba mai ko kallonsu. Mu da a wajenmu mutum ke ɗaure saniya a ƙofar ɗakinsa ya wayi gari ya ga igiya. Ta tsaya ta daɗe tana kallon wata fara tana cin kwali, ta ce da za a ba ta ita wata uku da sun ga yadda ake saniya. Abincinsu kuwa shinkafa ne da wani wake-wake mai ruwa da gurasa, ga yaji kamar da gayya. Shayinsu ne kawai ta yaba, ta ce mai shayin tashar Sabuwa ya zo ya koyi aiki.

Likitar Lawal wata 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, maganarta a hankali. Tun zaman farko ta ce akwai abin da take so mu riƙe. Bayan an mayar masa da ƙwayoyin, mai yiwuwa zazzaɓi ya zo, kuma kada mu ba shi komai da hannunmu. Ta ce idan ƙwayoyin suka ci karo da dajin sukan saki wani sinadari cikin jini, kira ne ga 'yan uwansu. Kiran nan shi ke sa jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su yi ciwo, kuma shi ke sa ƙwayoyin su ƙaru, su yi ƙarfi, su daɗe suna faɗa. Wayon daji, in ji ta, shi ne ya kashe kiran a kewayensa, masu gadin jiki su zo su yi barci a gefensa. Har masu bincike suna neman hanyar ƙara wa kiran ƙarfi da gangan. Amma in ya wuce kima shi ma yana iya kai mutum ƙasa, shi ya sa za su tsare shi ba dare ba rana.

Na juya na ce wa Goggo kamar ihu ne in ɓarayi sun shigo gari. Garin da ba a yi ihu ba a kwashe shi cikin barci, in kuma ihun ya yi yawa mutane su tattake juna. Ta ce ihu kam ba mutumin Sabuwa za a koya wa ba, amma in tambayi likitar ko ta ga haƙarƙarin wancan. Na ce an dai ce kada a ba shi magani kowane iri. Ta ce, “To.” Na san wannan “to” ɗin tun ina yaro, amma gajiya ta sa na bar ta ta wuce.

Ranar ɗibar ƙwayoyin aka jona shi da wata na'ura, jini na fita ta hannu ɗaya yana komawa ta ɗayan. Goggo tana bakin ƙofa, wai takalmanmu take tsaro, amma duk abin da ya fita ta gani. Aka ce mu koma masauki mu jira makonni kafin a gama horar da ƙwayoyin. Washegari ta fara dama kunu.

Kunun tsamiya ne, mai kauri, fulas guda kullum da safe. Ba ta miƙa masa da hannunta, ni take ba ta ce in kai wa abokin wasana. Shi kuwa Lawal ko ƙamshin abinci ba ya so. Sai ya kai cokali baki ya ajiye, ya ce don Allah in taimaka in shanye, kada ta ga an mayar da shi ta ji ba daɗi. Ni mutum ne mai son taimako. Kullum sai in rufe ƙofa in taimaka har ƙasan fulas, in fito da shi wayam, Goggo ta girgiza ta ji ba komai, ta kawar da kai don kada in ga ta ji daɗi.

Ba a daɗe ba na fara jin wani irin ƙarfi. Yunwa ta buɗe mini, in ci nawa, in ci ragowar Lawal, in leƙa ɗakin wasu Larabawa maƙwabtanmu in ga ko suna bukatar taimako su ma. Barci ya ƙaurace mini, ƙishirwa ba ta ƙarewa. Fuskata ta cika ta yi tas. Na yi ta ɗaukar hoto ina aika wa gida, ina cewa iskar Indiya ta karɓe ni. Goggo kuwa ta shiga damuwa, tana satar kallon Lawal ta ga ba canji, sai kunun ya ƙara kauri.

Da aka kira mu cewa ƙwayoyin sun iso, muka je a duba shi kafin a kwantar da shi. Likitar ta shigo da takardu a hannu, amma maimakon ta kalli Lawal sai ta tsaya tana kallona. Ta ce in matso. Ta danna ƙaurina da yatsa, ta leƙa fuskata ta gefe, ta tambaye ni wane magani nake sha. Na ce ni lafiyata ƙalau, iska ce. Ta ce ita ta san iskar garinsu, ba ta yin haka. Ta tambayi me nake ci wanda ban saba ci ba. Nan Lawal ya sunkuyar da kai ya tona mana asiri, ni da shi duka. Likitar ta ce me ake sawa a kunun. Na fassara, duk muka juya wajen Goggo.

Goggo ta ce gero. Ta ce tsamiya. Ta ce sukari. Sannan ta ce da ɗan abin buɗe ciki. Ta kwance haɓar zane ta ajiye wasu 'yan ƙananan fararen ƙwayoyin magani cikin fakitinsu a kan tebur, na kuwa gane su nan take. Sha-ka-fashe ne, wanda ake sayarwa a kowane kemis a wajenmu.

“Ai ba magani ba ne,” in ji ta. “Na ƙiba ne. Raguna nike daka ma cikin dusa, amare na sha, ban ga wanda ya mutu ba. Ina kallo suka ɗebe mashi jini. Da mi za ya maida?”

Likitar ta karanta bayan fakitin, ta jawo kujera ta zauna. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in gaya wa mama cewa wannan ƙwaya babban aikinta kashe kiran nan ne da ta yi mana bayani. Tana sauke zafi, tana sauke kumburi, tana kwantar da masu gadin jiki, kumatun da take kawowa kuma ba lafiya ba ce. Da an mayar wa Lawal ƙwayoyinsa ana ɗura masa wannan kullum, da suna iya kwantawa tun ba su fara aiki ba, kuma ba mu da wasu. Na fassara kalma bayan kalma, ban rage ba.

Sai Lawal ya juyo. Ya kalli kumatuna, ya fara dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi. Ya ce ashe Goggo ba ta bar sana'a a gida ba, ga ragon bana ta turke. Daga ranar ya ƙwace sunan, ni na koma Buhu. Aka auna jininsa aka ga ba abin da ya taɓa shi, ni kuma aka auna nawa aka ce sukari ya hau. Wai ba a yanke ƙwayar lokaci guda, sai aka rubuta mini yadda zan riƙa ragewa. Haka na zama mara lafiya na biyu a tafiyar da na je jinya.

Goggo ta miƙa wa likitar abin da ta kwance. Amma zane haɓa biyu gare shi, kuma na san ba ta taɓa ƙulle dukiyarta wuri ɗaya ba. Na rasa yadda zan yi. Ƙanwar ubana ce, ba na iya cewa ta kwance ɗayan in gani.

Bayan wasu kwanaki na ruwan magani aka kawo ƙwayoyin jinin Lawal. Na zaci zan ga wani babban abu. 'Yar leda ce da ba ta kai ta ruwan sanyi ba. Goggo ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, yanzu gonar gadon nan ce a cikin wannan? Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na dafaffiyar masara, kafin mu gama mamaki an gama. Nas ɗin da ke kula da shi wata baƙa ce daga kudancin ƙasar, 'yar siririya. Goggo ta ɗauke ta tamkar 'yar gida, tana mintsinin damtsenta tana girgiza kai, ita kuma tana dariya tana ce mata mama.

Kwana ɗaya, biyu, ba komai. Sannan zazzaɓin ya zo. Na ga zazzaɓi a rayuwata, na cizon sauro da na taifot, amma ban ga irin wannan ba. Gado na rawa, haƙoransa na haɗuwa, in ka taɓa goshinsa sai ka janye hannu. Nas tana shigowa tana aunawa tana fita, likitar ta ce suna gani, bai kai inda za su tare shi ba tukuna. Ta ce zafin ba shi ne maganin ba, wasu ma ba sa yi, amma a jikin Lawal alama ce ƙwayoyin sun farka. A wajenmu in mutum ya yi zafi haka, gida gaba ɗaya ke tashi, wannan ya tafi kemis, wannan ya ɗebo ganyen darbejiya a yi sirace. Nan kuwa an ce mu zauna mu kalla. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan zaman ba.

Goggo ta daina tsayawa a bakin ƙofa. Ta shigo ta zauna a kusurwa, rabin bayanta ga gadon, fuskarta ga bango, hannunta a kan ɗaya haɓar. Ko fitsari na ji sai in daure, don ina tsoron barinta ita da shi. Da hantsi zafin ya ƙara hawa, Lawal ya fara nishi. Na ga yatsunta suna kwance ƙullin, na miƙe na nufe ta. Ta kamo hannuna ta zuba mini su a tafi, ta rufe yatsuna a kai.

“Kai ma 'yar baƙar nan,” ta ce. “In suna hannuna, sai na ba shi.”

Washegari abin ya sauya. Kullum nas takan yi masa 'yan tambayoyi, sunansa, garin da yake, don an ce wani lokaci kiran yakan taɓa ƙwaƙwalwa. Ran nan ta tambaya, ya zuba mata ido kamar bai taɓa ganin mutum ba. Ta danna ƙararrawar kiran likita, ta ci gaba da kiran sunansa. Ni ma na kira. Na ce Lawal, na ce Buhu, na ce bawana, ko gezau. Nas ta waiga kusurwa ta ce mama ta zo ta kira shi, wataƙila ya san muryarta. Na ce mata ba zai yiwu ba, ban ko fassara ba. Goggo ta ce me yarinyar ta ce. Na gaya mata.

Ta juyo daga bango. Sannan ta tashi, ta zo bakin gadon, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa. Ni dai a sanina ba ta taɓa shi ba tun ranar da kakarmu ta goya shi ta fita da shi.

“Lawal,” ta ce. Muryar ba ta fita sosai ba, ta gyara. “Lawali. Ni ce.”

Idonsa ya juyo a hankali ya tsaya a kanta. Ya ce, “Na'am.”

Ba zan ce muku kiran ne ya tashe shi ba, don ni malamin makaranta ne. Likitar ta shigo da mutanenta, aka gungura shi ɗakin kulawa ta musamman, aka yi masa allurai. Da hankalinsa ya dawo bayan kwana biyu, zazzaɓin ya sauka, likitar ta gaya mana cewa ɗaya daga cikin alluran ɗan uwan ƙwayar Goggo ne, amma gwargwado, a lokacin da ihun ya wuce kima, kuma suka janye shi da wuri don kada ƙwayoyin su kwanta. Na yi kuskuren fassara wannan. Goggo ta gyara zama ta ce ai dama ta faɗa, kuma da an tambaye ta tun a Funtuwa da an huta da kuɗin jirgi.

Muka ƙara wata guda a masauki ana dubansa. Ya fara cin abinci, kunun ma ya koma sha, bayan na tsaya a kan Goggo tana damawa, tana ce mini ɗan sanda. Hoton da aka ɗauka kafin mu taho ya nuna kaluluwar ta narke, saura ɗan abin da ba su tabbatar ba. Likitar ba ta ce ya warke ba, ta ce ƙwayoyin suna nan da rai suna aiki, kuma zai riƙa zuwa Zariya ana dubawa. Ranar tafiya mai masauki ta rungume Goggo, Goggo ta bar mata tukunyar nama kyauta, ban san me za ta yi da ita ba.

A Funtuwa muka rabu kamar yadda muka haɗu. Goggo ta hau motar Dandume, Lawal ya durƙusa ya yi mata sallama, ta amsa wa tayar motar. A Faskari aka fito tarbarmu, mutane suka wuce mara lafiya suka zo suna yi mini barka da samun sauƙi. Kumatun yanzu sun fara saɓewa, masu son gani su hanzarta. Na ji labari amaren Sabuwa sun daina samun ƙwaya a wajen Goggo, har kora take yi. Zancen raguna kuwa ban tambaya ba.

Abu ɗaya ne ya rage. Lawal bai tuna komai na kwanakin nan biyu ba. Ni na ba shi labari a jirgi, ya ce ƙarya nake. Da na je Sabuwa gaishe da Goggo na ɗan taɓo zancen, ta ce ita ba ta san an yi haka ba, ƙwayar da na sha ce ta taɓa mini kai, in kuma na sake faɗa a gaban mutane sai ta saɓa mini. Nas ɗin tana Indiya. Ni kaɗai ne shaida, kuma kowa ya san taubashi ba a kafa shi shaida.

Amma duk ranar kasuwar Ƙanƙara in Lawal ya shigo, bayan ya gama ce mini Buhu a gaban jama'a, sai ya ja ni gefe. Ya ɗan yi wasa da makullin babur, sannan ya ce in sake gaya masa yadda ta faɗa. Sai in gaya masa: ta tashi, ta zo, ta ɗora hannu, ta faɗa sau biyu. Duk labarin Indiya ina ƙara masa gishiri, ban da wannan. Kuma shi kaɗai ne abin da ban taɓa tsokanarsa a kai ba.